Kifanyar Da Ka Bar Mini

Baban Hafsa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko lokacin da kake da rai ma, maganata ba ta samun kunnenka sai ka gama duba kifi. Amma ina zaune cikin takabarka, babu inda zan je, bari in ba ka labarin gidanka.

Ka tuna wasiyyarka? Tarin da ka kwaso a kamfanin jima ya cinye maka ƙirji, numfashi da ƙyar, amma ka samu ƙarfin tara shaidu. Ka ce bayan addu'ar arba'in, Yaya Sani ya tafi da Hafsa da Sadiƙu gidansa a Zawaciki, wai mace ita kaɗai ba ta tarbiyya. Sannan ka juyo ka ce ni kuma in kula da kifayenka, musamman 'yar ruwan ɗorawar nan, don ta ɗauki ƙwai a baki. Wato ka yi rabo ke nan: yayanka ya samu 'ya'yan da na haifa, ni na samu akwatin gilashin kifin da maigidanka na kamfani ya yar da zai bar Challawa. Sannu da adalci.

Ranar uku, mahaifiyarka ta lura kifanyar ba ta cin abinci. Ta dinga jan matan da suka zo gaisuwa tana nuna musu, wai dabba ma ta san an yi rashi, ga wata can ta cinye tuwo har da suɗe kwano. Matan suka yi ta kabbara suna kallona. Na san ba makoki take yi ba, baki ne a cike da 'ya'ya, ina za ta sa abinci? Wa zai saurare ni?

Na riƙe amanarka, kada ka ce ban riƙe ba. Ragar da ka raba akwatin biyu da ita, na bar ta a wurinta don kada tarwaɗar nan da sauran kifayen masu ratsi su matsa mata. Ruwan leda nake canza mata da shi kamar yadda kake yi, alhali mu muna shan na rijiyar da ke warin fata. In an ɗauke wuta injin iska ya tsaya, in zauna da kofi ina ɗiba ina tsiyayawa har hannuna ya sage. Da ta fara amayo 'ya'yan, ƙanana kamar tsabar gero, na murza musu gwaiduwar ƙwai da yatsa. Sadiƙu ne ya gano in an taɓa gilashin sai su ruga su shige bakinta. Ya yi dariya, karo na farko tun rasuwarka.

Ni fa, da nake ɗauke da cikin Sadiƙu, wace raga ka sa tsakanina da danginka? Sau nawa ka hana wani ya ɗaga mini murya yadda kake hana a buga wannan gilashi?

Jiya Yaya Sani ya zo da keke napep. Hafsa ta kama zanina da hannu biyu, sai da matarsa ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sadiƙu bai yi kuka ba, kallona kawai yake, yana jira in hana. Na tsaya a bakin zaure, mai takaba ba ta wuce nan. Duk wanda na kalla sai ya ce maganar mamaci ce, ba a karya ta.

Da ƙarar keken ta ɓace, na koma ɗaki na zare ragar.

Na ja kujera na zauna. 'Ya'yan suka ruga wajen uwarsu, amma sun girma, bakin ba ya ɗaukarsu duka. Ta kori wannan mai ratsin, wancan ya zagayo ta baya. Tarwaɗarka ba ta ko yi sauri ba. Kafin la'asar babu ko ɗaya, uwar na ta zagaye dutsen tana buɗe baki. Ban ji daɗi ba, amma ban ji tausayi ba. So na yi a ce kana nan ka gani, don a kanta kaɗai za ka gane abin da ka yi.

Saura magana ɗaya. Da aka durƙusar da ni gaban gawarka aka ce in yafe maka, na ce na yafe. Kunyar mutane ce, Allah kuma ya san zuciyata. Haƙƙina yana wuyanka har ranar da Hafsa da Sadiƙu suka sake kwana a ɗakina. Yayanka ba mai sauya magana ba ne, ka fi ni saninsa, don haka ka gyara kwanciya.

Sai mun haɗu a gaban wanda ba a kawo masa shaidun gida.

Uwar 'ya'yanka,
Binta