Fiffike Ba Waya

Buc, Afrilu 1917

Odile tawa,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Yaya jikin Mama, yaya tarin 'yarmu Lucienne? Ni lafiya lau, sai dai rashin girkinki.

Wasiƙarki ta iso, na kuma ji zafinta. Kin ce in ƙaninki Gaspard ya faɗo da jirgin yaƙin da na zana, ni da ke har abada. Ba ni na zaɓe shi ba, shi ya nace sai ya fara tashi da shi. Gaskiya ne fiffiken ba shi da wayoyin da ke ɗaure na sauran jirage, kuma shi ya sa zai fi su gudu. Kanar ɗin da sojoji suka turo ya zagaya shi yana dariya, wai "Injiniya, ai wannan tebur ne ba ƙafa."

Kin san al'adar ma'aikatarmu. Kafin sabon jirgi ya tashi sai an kife shi, an jibga buhunan yashi a kan fiffiken, wanda ya zana shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi. Jibi ne. In zai karye, a kaina zai fara. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Ki gaida Mama.

Mijinki,
Fernand

Buc, Mayu 1917

Odile tawa,

Ina fata kuna lafiya ke da yarinya. Albishirinki!

Yashi ya ƙare, fiffike ko gezau. Kanar ya ce ai buhu ba ya motsi. Sai kafintoci suka hau, mata masu ɗinka yadin jirgi suka tattare siket suka bi su, har da Berthe mai abinci, wadda benci ke kuka in ta zauna. Ina kwance katako na ƙara a saman hancina, Gaspard ya leƙo wai, "Yaya, in ta faru, agogonka ya zama nawa ko?" Ƙarshe Kanar da kansa ya hau ya yi tsalle. Fiffiken ya ɗan lanƙwashe, ya dawo.

Jiya Gaspard ya tashi. Ya wuce jirgin da ke masa rakiya kamar wancan a tsaye yake, ya yi alkafura a saman rumfar ajiye jirage, ya sauka lami lafiya. Kanar ya cire hula, ya ce a ƙera wa sojoji. Ni kuwa zama na yi a ciyawa na sha kukana, ban ji kunyar kowa ba.

Takardar nan ba ta gidan waya ta biyo ba. Wanda ya miƙo miki ita, ki dube shi da kyau, ki ƙirga yatsunsa, cif suke. In kin gama rungumarsa ki leƙo ta taga. Ina bakin titi da jakata, ina jira ki ce in shigo.

Naki,
Fernand