Gonar da na ƙi a rabon gado ita za a yi wa tashar jirgi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka sakaya sunana da na garinmu, don in aka gane ni na shiga uku. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis, wanda zai zage ni ya zaga, amma ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙasar Shagari, ina kuma taɓa noman albasa. Mu biyu ne maza a wajen mahaifinmu, ni da ƙanena da zan kira Sanusi. Da Baba ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka zo rabon gado, gona biyu ta faɗo mana, fadama ɗaya, da wani fako a bayan gari wanda ko gero sai ya ga dama yake yi. Dattawa suka ce babba ya fara zaɓa, ni ko kunya ban ji ba na nuna fadama, aka ƙara wa Sanusi saniya don a daidaita. Ya karɓi fakon, ya koma fataucin albasarsa zuwa Kudu. Shekara da shekaru ina ganin ni ne mai wayo.

Bara sai ga maganar jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ake son yi tsakanin jihohin yankinmu, wai ka yi asuba a Sakkwato ka karya kumallo a Kano. Mun sha dariya a majalisa, muka ce a fara gyara mana hanyar kasuwa. Kwatsam sai ga safiyo masu awon ƙasa da motoci da na'urarsu mai ƙafa uku. Fadamata ko kallon arziki ba su yi mata ba, suka ce ƙasa mai ruwa ba ta ɗaukar irin wannan layin, tsandauri suke nema. Suka bi fakon Sanusi suka jera masa jajayen turaku daga farko har ƙarshe, kuma ba layi kaɗai ba, ƙaramar tashar da mutanen Shagari da Bodinga za su riƙa hawa ma a nan aka zana ta.

Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin raina ba, gara in faɗa ƙarara, hassada nake yi wa ƙanena. Ko sisi ba a ba shi ba tukuna, kuɗin aikin ma an ce ana can ana nema wajen masu zuba jari na waje, amma gari har ya sa masa suna Mai Tasha. Wajen ɗaurin aure shi ake matsa wa a tabarmar gaba, ni da na goya shi ina baya. An kira shi taro a Sakkwato ya dawo da jaka mai hoton jirgi, wallahi jakar nan kaɗai ta hana ni cin tuwo ranar. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaron ba ya da mugun hali. Har gida ya same ni ya ce, “Yaya, tashar ga tamu ta duka, in an yi shaguna kai ka hwara zaɓe.” Na yi masa godiya, amma a baki kawai.

To ga inda matsalar take. Masu ba da kuɗin sun ce ba za su saki komai ba sai kowane gari ya cike fom ya sa hannu, cewa babu maƙabarta ko masallaci ko rijiya a kan hanyar. Da yake ni ne mai boko, ni aka naɗa sakataren kwamitin garinmu, fom ɗin yana hannuna, ranar Alhamis za a zo karɓa. Ina karanta kalmar maƙabarta sai na tuna wani abu. Ina ɗan shekara ashirin Baba ya taɓa kai ni kusurwar fakon nan, gindin wasu itatuwan aduwa, ya ce a zamanin kakanmu an yi annoba, an binne mutane a nan saboda an kasa kai su maƙabartar gari, ya ce kada garma ta taɓa wurin. Babu dutse, babu alama, ƙasa ta shafe komai. Sanusi bai sani ba, shi a ganinsa saiwar itace ce ta hana a noma wurin, ni kuma tsawon shekarun nan ban taɓa gaya masa ba, don gaskiya mantawa na yi. Turaku uku suna daidai kan wurin.

Jama'a ga abin kunyar da ban iya gaya wa ko matata ba. Da na tuna kaburburan nan, daɗi na ji. Ba tausayin mamatan ne ya fara zo min ba, murna ce, har na ji ina murmushi ni kaɗai a ofishin hedimasta. Bayin Allah suna kwance, ni ina kallonsu a matsayin sandar da zan doke ƙanena da ita.

Na bugi cikin injiniyar da ke jagorantar aikin, na tambaye ta a fakaice, in aka samu kabari fa? Ta ce wannan jirgin ba ya shan kwana kamar mota, in za a kauce wa wuri ɗaya sai an fara karkata layin tun daga nesa, don haka tashar za ta tashi gaba ɗaya ta koma wajen Bodinga. Ke nan ba Sanusi kaɗai zai rasa ba, duk garin ne, har matasan da suka fasa tafiya cirani bana suna jiran aikin lebura. Kuma kowa zai ce shekara goma sha ɗaya Malam bai tuna da kabari ba sai da aka kira ƙanensa Mai Tasha, kuma wallahi ba ƙarya za su yi ba.

Na so in yi shiru in rubuta babu, sai shekaranjiya na je gaida Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a tsararsu. Ina miƙewa zan tafi ta ce, “Kai dai ka san abin da ubanka yag gwada maka wurin aduwan nan. Mi kaka jira?” Na kasa haɗa ido da ita. Ita tsakani da Allah take magana, tana tsoron katafila ta tone ƙasusuwan Musulmi, ba ta san abin da ke cikin zuciyar wanda take turawa ba.

Sau biyu ina rubuta akwai da fensir ina gogewa. In na rubuta babu, na yi ƙarya da sa hannuna, na ci amanar Baba, an tone mutane ina gani. In na rubuta akwai, gaskiya na faɗa, amma ni na san ba don Allah na faɗe ta ba. Na yi tunanin in fara samun Sanusi mu je gindin aduwan tare, sai dai ina tsoron ya dube ni ya gane, don ya san fuskata tun yana rarrafe.

Malamai da masu hankali na zauren nan, me zan yi? In kai maganar wajen liman da hakimi in zare hannuna, ko in ajiye sakatarancin, ko in tunkari ƙanena in gaya masa duka har da abin da ke raina? Gaskiyar da aka faɗa saboda hassada tana da lada, ko zunubi ce? Kafin ku amsa ku san abu ɗaya. Jiya na tambayi kaina, da a fadamata aka kafa turakun nan kuma kaburburan suna ciki, me zan rubuta. Ban ɗau minti ɗaya ba na samu amsa. “Babu” zan rubuta, da biro.