Ranar da Suka Taka Wata Ban Saurare Ki Ba

Wad Haddad, 9 ga Satumba, 1969

Zuwa ga Sakinatu ɗiyar Malam Abdulmuttalib, sanyin idona, farar audugar tsinkar fari, ruwan Nilu a bakin mai azumi, inuwar da na sha shekara biyu ban taɓa ɗaga kai na gode mata ba. Amincin Allah ya iske ki duk inda takardar nan ta cim miki, ko Jidda ko Makka, don ni kam ban sani ba.

Sakinatu, na ci jarrabawar! An ɗauke ni tafinta wajen injiniyoyin madatsar ruwa ta Sinnar, aikin nan da na ce da shi zan tura manyana su nema mini aurenki. Na diro daga jirgin ƙasa da takarda a aljihu, ina tsalle kamar ɗan akuya, sai na tarar da ƙofarku ɗaure da igiya, murhunku ya huce. Wa zan nuna wa takardar? Ƙadangarun bango?

Kin tuna darbejiyar nan ta bakin tur'a, magudanar nan mai shayar da gonaki, inda kike ɗibar ruwa? Can nake zama kullum la'asar, rediyo a cinya, ina kama Turancin da ake karantowa sannu-sannu daga Amurka. Ki sauke tulu ki ce in ba ki na yau. Na ba ki labarin kogin Misisipi, da baƙaƙen fata da suka tsinci auduga kamarmu suna waƙa, da yadda jikokinsu suka yi tattaki zuwa babban birni neman haƙƙinsu. Kika ce, “Ashe su ma 'yan tahiyar ƙasa na, kamar kakanninmu.” Wayyo wannan dariya taki! Duk kalmar da na koya ke ce kika fara jin ta a bakina, har kika laƙaba mini Baturen Hawasha, wato Baturen gonar auduga, wai na fi sanin gonakin Amurka da gonar ubana.

Sai ranar nan ta watan Yuli. Rediyo na ba da labarin mutanen da suka taka wata, ni kuma a karon farko ina gane kowace kalma. Kika zo ba tulu, idonki ja, kika ce, “Zakariya, bana kam da gaske Baba shika yi. Ya saida awaki, ya bar ma Alhaji Sodangi hawashatai.” Me na yi? Na ɗaga miki hannu, wai ki dakata. Ban ko dube ki ba. Ni Zakariya, da wannan hannun nawa!

Ba zan wanke kaina ba, amma kin san mu. Kakanninmu sun baro Sakkwato a ƙafa za su Makka, suka tsaya nan tsintar audugar kaka ɗaya, sai ga jikoki. Kowace shekara tsofaffi na cewa, “Bana za mu ƙarasa,” mu da aka haifa nan muna ƙunshe dariya. Shekara talatin mahaifinki yana faɗa, har lemun tsami ya dasa yana faɗa. Na zaci ta kullum ce. Ban tsaya na yi tunani ba cewa manomin da ya saki gonarsa ana gab da shuka ba wasa yake ba. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Nawa kunnen yana can wata duniya, ga shi jiki ya halaka.

Washegari na tafi Sinnar zaman jarrabawar, na yi mako uku. Da na dawo, maƙwabciyarku Iya Barakatu ta isar mini da saƙonki a bakin ƙofa, ba ta ko ce in zauna ba: “Ta ce a gaya maka ta tsaya har ka gama ji, ba ka waiwayo ba.” Tun ranar abinci ƙasa ne a bakina. Ina wucewa ta tur'a in ga tulunan mata, in nemi naki, in rasa. Na san nisan da ke tsakanin ƙasa da wata, amma ban san ko kin haye teku lafiya ba. Wannan wane irin ilimi ne?

Ya farin cikin raina, ba na roƙon ki manta, ina roƙon ki jira. Kaka ɗaya tak. In wani ya zo da magana, ki ce akwai wani sakarai a hanya. Rediyon yana cikin akwatin Inna, na cire masa batir. Alhaji Sodangi da aka bar wa gonarku zai je Jidda, shi zai kawo wannan takarda, in kina da amsa ki ba shi, ko da zagi ne, zan ji shi har ƙarshe.

Jiya a ƙofar masallaci na gaya wa samari cewa da an gama tsintar auduga zan kama hanya. Suka tuntsire da dariya, irin wadda na sha yi wa mahaifinki. Su yi ta yi. Bana zan ƙarasa, Sakinatu.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Zakariya