Harsashin Duane Ya Ci Mini Ido, Yanzu Ya Sayi Irin Bindigata

Kawu Vern, don Allah ka taimaka mini kafin a buɗe farautar barewa, zuciyata na raya mini abin da ba na iya gaya wa ko matata.

Mijin yayata, Duane, shi ke ɗura wa duk 'yan bukkarmu ta farauta harsashi a garejinsa: ya zuba albarushi a kwanson ƙarfe, ya sa masa kai. Duk kaka sai ya raba wa kowa kwali, yana hura hanci kamar shi ya ƙirƙiro albarushi. Ba ya matse bakin kwanso a jikin kan harsashi, wai matsewa aikin ragwaye ne, tana ɓata saiti. Sauran 'yan bukkar duk bindigoginsu da hannu ake ɗura su, a hankali. Tawa, wadda na gada wurin babanmu, mai ɗura kanta ce, da ƙarfi take fizgo harsashi ta cusa. Bara ta fashe mini a fuska. Idona na dama ya tafi, bindigar Baba ta zama tarkace.

Ina kwance a asibiti Duane ya bi gari yana cewa ƙazantata ce, wai ban taɓa wanke bindigar ba. Da na dawo, a harabar coci, gaban mutane, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanina, ai yanzu ka huta da kanne ido wajen saiti." Aka yi dariya, har da yayata Marlys. Na tsane shi, Kawu, ba zan ɓoye maka ba.

Kwanan baya na ɗauko ragowar kwalin, na danna kan harsashi ɗaya a jikin tebur da ɗan yatsa kawai, sai ya lume cikin kwanson. Na gwada wani, shi ma haka. Sai ga labari wai Duane ya sayi sabuwar bindiga mai ɗura kanta, kuma da harsashinsa zai harba ta ranar buɗe farauta. Ni ba zan taɓa masa komai ba. Zan zauna bakin murhu da kofina in yi gum, in jira ƙarar. Wanda ya dafa, shi zai ci. Ashe shiru ma laifi ne?

Mai Ido Ɗaya, daga arewacin Wisconsin

Amsa

Ɗana, sannu da wannan rashi. An ci maka ido, an ci maka gado, an kuma ci maka mutunci a ƙofar coci. Fushinka yana kan hanya, ni ma da nake karantawa raina ya ɓaci.

Amma bari in ba kowa nasa. Duane bai ƙirƙiri maganarsa ta ƙin matsewa ba, akwai gwanaye da yawa da ba sa matsewa, muddin wuyan kwanson ya riƙe kan harsashi gam. Kuskurensa shi ne nasa ba ya riƙewa, kuma ya miƙa wa mai bindigar da ke buga harsashi da ƙarfi wajen ɗurawa. Kan harsashin ya lume cikin kwanso, albarushi ya rasa wurin numfashi, ƙarfe ya fashe. Kai ma ka zuba ɗurin wani a bindigarka ba ka gwada ba, abin da ake hana kowane sabon maharbi. Bai yi niyyar makantar da kai ba. Ƙaryar da barkwancin kuwa da gangan ya yi su, kuma tilas ya janye.

Shirunka laifi ne, babba ma. Ranar da aka jikkata ka babu wanda ya san abin da ke cikin kwalin. Yau kai ka sani.

Idan ramuwa kake so, ga wadda ba ta zub da jini. Ka kai tarkacen bindigar da ragowar harsashin wurin maƙerin bindiga ya duba, don kada a ce zargin mai haushi ne. Sannan cikin makon nan, ba ranar farauta ba, ka tara 'yan bukkar, ka ajiye harsashi a tebur, ka ce Duane ya danna da yatsansa. Kada ka zage shi, kada ka ɗaga murya. Mutumin da ke taƙama da ɗuri, ya ga aikinsa ya lume a gaban abokansa, wannan ya fi masa mari zafi. Ka nemi ya wanke ka a inda ya ɓata ka, a kuma karɓe duk kwalayen a warware su. Idan ya ƙi zuwa, ka gaya wa Marlys da sauran kai tsaye.

Kuma ka tuna yadda muke da sabuwar bindiga a bukka: ba a barin mai ita ya more ta, hannu-hannu take yi, kowa sai ya ce a ba shi ya ɗana. Harsashin ba ya tambayar kuncin wa ke manne da ita. Kana iya zama kana jiran ihun Duane, ka ji muryar yayarka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kiyaye maka idon da ya rage, ya dawo da ku gida lafiya, har da shi.

Kawu Vern