Madarar Kaka Ni Nake Shanyewa

Anti, don girman Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a wuya. Ki yi haƙuri da rubutuna, allo kawai na yi, bokon a hanya na tsince shi. Kafinta ne ni, shekarata ashirin da ɗaya, kuma duk layinmu an san ni da tsokana. Ni ne mai ɗaure wa mutum igiyar takalmi yana gyangyaɗi. Amma wadda ta fi shan wuyata ita ce kakata, mahaifiyar babana. Ina kiranta Amarya, tana kirana Muzuru.

Sunan nan da dalili. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyata ta fara dama mata madara kofi guda kowace safiya, saboda ciwon baya, ga shi kuma tana ta rankwafawa. Ita kuwa tsohuwa ba ta so, wai tana kumbura mata ciki. Rannan na leƙa ɗakinta zan tafi shago, na ɗauke kofin daga kan akwati na shanye, na goge baki da gefen mayafinta. Ta ɗaga sanda kamar za ta maka mini, tana dariya har da tari. Shi ke nan ya zama sirrinmu. Kullum in shanye in ajiye kofi, Umma ta zo ta ɗauka tana yaba wa tsohuwa. Da ma can tana fita ƙofar ɗaki shan hantsi, ni na dame ta da cewa ta zama ƙadangaruwa, har ta daina fita.

Watan jiya ta zame a bakin banɗaki. Ba wata faɗuwar kirki ba ce, Anti, zama ta yi da ƙarfi, amma ƙashin kwankwasonta ya karye. Na san katakon da gara ta cinye, waje lafiya ciki fanko, haka likita ya nuna mana a hoto. Ya tambaya ko tana shan madara. Umma ta ce kullum, shekara biyu ba fashi. Tsohuwar nan tana kwance ta juyo ta dube ni, sannan ta gyaɗa wa likita kai. Ni kuma ina tsaye kamar gunki. Sai ya ce tun da tana samun kalsiyam a abinci, 'yar ƙaramar ƙwayar bitamin D ta ishe ta.

Yanzu tana gida, ba ta tashi. Madarar ban ƙara shanta ba, ita ma ba ta sha, ni nake zubarwa a ɓoye. Na daina tsokanarta, in gaishe ta kaina a ƙasa in fita. Jiya ta ce da ƙanwata wai Muzuru ya yi fushi da ita ne? A shago na shiga bayan tarin katako na yi kuka. In na faɗa, babana ba zai ƙara kallona ba. In na yi shiru, maganin nan a kan ƙarya aka rubuta shi. Ni na karya ta, ko? Kuma mene ne haɗin madara da ƙwayar nan?

Naki, Muzurun Kaka

Ɗana, share hawayenka mu yi magana. Ba kai kaɗai ka karya ta ba. Ƙashi ya daɗe yana zaizayewa kafin ka san hanyar ɗakinta, kuma kofi guda ba ya hana tsufa aikinsa. Ita ma da saninta aka yi. Sai dai ban wanke ka tas ba, wasan ya rage mata abin da take bukata, shirunka a gaban likita kuwa ya fi wasan nauyi.

Ga haɗin. Kalsiyam shi ne kayan ginin ƙashi, bitamin D kuma shi ke taimakon hanji ya tsotse shi daga abinci. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci, jiki yakan ƙara dogara ga bitamin D, ya cinye shi da wuri, ya koma yana yagar abin da ke cikin ƙashi. Ga fatar tsoho ba ta samar da shi daga rana kamar ta yaro. Ka ga ke nan lissafin likita zai iya canzawa in ya ji gaskiya.

Don haka gobe ka fara da mahaifiyarka, ita ta san yadda za ta shigar wa babanka. Zai yi faɗa, faɗan uba kuwa yana wucewa. Ku koma wurin likita ku gaya masa komai, har da kumburin ciki, don akwai madadin madara kamar nono, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, da ganyaye. Kada ka sayo ƙwayoyi da kanka ka ɗura mata don huce takaici, yawansu yana taɓa ƙoda.

Sannan kai kafinta ne. Ka yi mata kujera mai tsayi da hannuwa, in likita ya yarda ta zauna, ka ajiye inda hantsi ke sauka. Ka kai mata da kanka, ka kira ta Amarya. Ta rufa maka asiri tana kan gadon asibiti, kada ka biya ta da shiru. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya.