Eriya a Gidan Kulle

Daren Asabar, Ƙaura

Don Sani, abokin Yaya Bello, na bi su wasan rediyo yau. Wani ke ɓoye na'ura mai aika ƙara, sauran su neme ta da eriya. Mun bi ƙarar a mota har Sakajiki, sannan da ƙafa, sai ta kai mu gidan da maza ba sa shiga.

Sani ya miƙo min eriyar, idonsa a ƙasa. "Ƙanwata, ke ɗai ka iya shiga."

Na yi sallama na shiga. A ƙarƙashin rumbu na sami na'urar, kakar mai ɓoyon tana ta dariya.

Mu muka ci. Amma "ƙanwata" ɗin nan ta hana ni barci. A littattafaina na soyayya ba haka ake kiran wadda ake so ba.