Kalmar da Ake Rubutawa So, a Furta Zo

Zuwa ga Injiniyana, inuwar da nake fakewa da tsakar rana, ruwan sanyin da ya tafi kwas ƙasar sanyi ya bar ni da ƙishi,

Waƙar Jamusancin da ka turo ta iso. Namiji mai digiri biyu ya rasa bakin faɗa wa mace abin da ke ransa, sai ya yi hayar Bajamushe ya rera masa! Ban yi fushi ba. Na zauna bayan kantar magani, tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na ciki, na feɗe ta kalma-kalma. Yanzu na san Herz zuciya ce, Regen ruwan sama, bleib kuma "kada ka tafi". Wa ya fi ni buƙatar ta ƙarshen?

Ka tuna ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai gyaran waya, kunnenka ɗaya nawa ɗaya a igiyar sauraro? Ka yi ta bayanin injin niƙa, ni kuwa ina kallon ɗigon ruwa a gashin idonka. Tun ranar na gane zurfinka na rijiya ne, sai da guga.

To ga abin da na gano, farin watana. Akwai wata ƙaramar kalma da mawaƙin ke maimaitawa. A rubuce so ce, harafi biyu, tamkar tamu. Da ya buɗe baki kuwa, zo na ji. Wata malamar Jamusanci da na tambaya ta ce ma'anarta "haka" ce kawai. Ita ta sani. Ni dai na ga mutanen da suka fahimci cewa so a takarda, in an furta shi, zuwa ne.

Umma ta daina tambayata da baki, da ido take yi, kuma Kawu ya fara gyaran murya idan na shigo falo. Na kare ka har na ƙare hujjoji. Hutunka ya kusa. Ka taho da baffanninka, su zauna a kujerun nan da Umma ke hana kowa zama. Na san za ka zo, ban taɓa zaɓen abin banza ba.

Idan aka tambaya wace ce za ta gaji da kai, amsata nie. Kada ka ji ta da kunnen Bahaushe ka ce "ni" na ce. A can, ma'anarta "har abada a'a".

Taka, a rubuce da a furuce,
Mai kantar magani